BABI NA HUƊU: JIGO DA ALAMTARWA DA ƊAUKAR HOTO A FIM ƊIN "LAIMOMIN CHERBOURG"

4.0 Gabatarwa

Wannan babi zai nazarci fim ɗin soyayya na ƙasar Faransa mai suna Les Parapluies de Cherbourg, wato Laimomin Cherbourg, wanda ya fito a shekarar 1964, ya kuma ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a wannan shekarar. Jacques Demy ne ya rubuta labarin ya kuma ba da umarni, Michel Legrand ya tsara kiɗa, Jean Rabier ya ɗauki hoto. An zaɓi fim ɗin ne saboda dalili biyu. Na farko, labarinsa irin wanda Bahaushe ya saba da shi ne a littattafan soyayya, wato saurayi talaka da yarinya da uwa da kuma mai kuɗi. Na biyu, babu magana ko ɗaya a cikinsa da ba rera ta aka yi ba, tun daga farko har ƙarshe, don haka ana iya ɗora shi a kan ma'aunin feɗe waƙa da Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa. Za a riƙa auna abin da aka gani da idon mai kallo na unguwar Badariya a Birnin Kebbi, domin wasu alamomin fim ɗin ma'anarsu kan juya idan suka iso kwarin gulbin Rima.

4.1 Taƙaitaccen Labarin Fim

An kasa fim ɗin kashi uku: tafiya, da rashi, da dawowa. Ya fara a watan Nuwamba 1957 a Cherbourg, wani gari na bakin teku a arewacin Faransa. Guy Foucher, makanike ɗan shekara 20, yana son Geneviève Emery mai shekara 17, wadda ke taya mahaifiyarta tsaron kantin sayar da laimomi. Sai aka kira Guy aikin soja na shekara biyu a yaƙin Aljeriya. Bayan tafiyarsa ciki ya bayyana ga Geneviève, wasiƙunsa suka yi ƙaranci, bashin haraji kuma tun kafin ya tafi ya riga ya taso wa kanti. Roland Cassard, wani attajiri mai fataucin lu'ulu'u, ya nemi aurenta, ya ce ya ji ya gani har da cikin. Guy ya dawo a Maris 1959 yana ɗingishi, ya tarar an sayar da kanti, an tafi da ita. Daga baya ya auri Madeleine, yarinyar da ta yi jinyar gwaggonsa Élise, ya buɗe gidan mai da gadon da gwaggon ta bar masa. Masoyan biyu sun sake haɗuwa sau ɗaya tak, a Disamba 1963.

4.2 Jigo

Da kallon farko mutum zai ce jigon fim ɗin auren dole ne. Idan aka duba da kyau za a ga ba haka ba ne. Uwar Geneviève ba ta doke ta ba, ba ta kulle ta a ɗaki ba, ba ta yi mata barazanar tsinuwa ba. Abin da ta yi bai wuce naci ba, da yawan ambaton sunan Roland a bakin teburin abinci. Shi kuma Roland ba irin attajirin da aka saba gani a fina-finan Hausa ba ne, mai sayen iyaye da buhunan shinkafa. Mutum ne mai kunya wanda shi ma so ya taɓa ƙona shi, kamar yadda ya ba da labarin wata Lola da ya so ba ta so shi ba. Geneviève da bakinta ta amsa. Babban jigon fim ɗin ke nan: so yana iya mutuwa ba tare da kowa ya kashe shi ba. Nisa da shiru da bashi sun isa.

Wurin da wannan jigo ya fi fitowa fili shi ne a kashi na biyu, inda Geneviève take mamakin kanta, tana tambaya yaya aka yi ita da ta ce ba za ta rayu ba in babu Guy, ga shi ba ta mutu ba, har ma fuskarsa ta fara ɓace mata sai ta duba hoto. Wannan ya sha bamban da abin da ake samu a In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991), inda Sumayya ta tsaya kai da fata a kan Muhammad duk da talaucinsa. A can so jarrabawa ce, kuma mai haƙuri shi ke cin ta. A wajen Demy babu wanda ya ci, babu kuma wanda za a nuna da yatsa a ce shi ne mugu, babu kishiya, babu boka. Ko fim ɗin Oumarou Ganda na Nijar, Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972, yana da wanda za a ɗora wa laifi, wato Alhajin da ya raba Satou da Garba da ƙarfin dukiyarsa.

Hausawa kan ce son maso wani ƙoshin wahala. Fim ɗin ya kife wannan karin magana. Mutum biyu ne a cikinsa suke son maso wani, Roland da Madeleine, kuma su ne suka samu abin da suke so, don kawai suna nan a lokacin da ɗayan ba ya nan. Sai dai a nan akwai rauni. Madeleine ba a ba ta rai sosai ba. Kusan duk fitowarta tana tsaye ne a bakin ƙofa tana kallo, har mai kallo ya rasa sanin me take so a duniya ban da Guy.

Akwai kuma abin da mai kallo Bahaushe zai yi turus a kansa, wato ɗaura aure da ciki. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a Kebbi ba a ɗaura wa mai ciki aure sai ta haihu, don haka mafitar da Roland ya kawo ba mafita ba ce a nan. Wanda duk zai juya wannan labari zuwa fim ɗin Hausa dole ya sake wannan gaɓa, kuma da zarar ya sake ta rabin dalilin gaggawar Geneviève ya tafi.

4.2.1 Yaƙin da ba a Nuna ba

Yaƙin Aljeriya ya ɗauki shekara takwas, daga 1954 zuwa 1962, kuma shi ne ya raba masoyan, amma ko sau ɗaya kyamara ba ta taka ƙasar Aljeriya ba. Abin da ya iso Cherbourg daga yaƙin wasiƙa ce da hoto da gurguwar ƙafa. Ana iya yi wa Demy uzuri da cewa magana a kan wannan yaƙi tana da haɗari a Faransa ta wancan lokaci, tun da an hana nuna Le Petit Soldat na Jean-Luc Godard daga 1960 har zuwa 1963. Duk da haka ɗan Afirka ba zai kasa lura ba cewa babu Ba'aljere ko ɗaya a fim ɗin, kuma asarar da aka kira shi ya yi wa kuka ita ce ta saurayi Bafaranshe da ya rasa budurwa.

Inda fim ɗin ya yi gaskiya shi ne a kan halin sojan da ya dawo. Guy ya yi faɗa da maigidansa a gareji ya bar aiki, ya shiga mashaya, ya kwana da karuwa, ya dawo gida da safe ya tarar gwaggonsa ta rasu. Kusan irin wannan hanya ce tauraron Cabascabo na Ganda ya bi, sojan da ya dawo Yamai daga yaƙin Faransa a Indocina ya ƙarar da kuɗin sallamarsa a kan abokai da mata. Ganda kansa ya yi wannan yaƙi, shi ya sa nasa ya fi ɗaci.

4.3 Alamtarwa

Babbar alama a fim ɗin ita ce laima, kuma a nan ne ake buƙatar taka-tsantsan. A Birnin Kebbi da Argungu laima ta sarauta ce kafin ta zama ta ruwa. Ita ake ɗaga wa Sarkin Gwandu da Sarkin Kabi ranar hawan salla, kuma idan aka ce wane yana ƙarƙashin laimar wane, ana nufin yana cikin kariyarsa. Ruwan sama kuwa rahama ne. Manomin shinkafa a fadamar Rima roƙonsa yake yi idan ya yi jinkiri. A Cherbourg ruwa abin gudu ne, shi ke zuba a buɗewar fim, shi ne kuma ya tari Guy ranar da ya dawo. Saboda haka wanda ya kalli ruwan fim ɗin da idon damina zai ɗauki baƙin ciki a matsayin albishir.

Amma ma'anar laima ta Hausa ta fi taimakawa wajen fahimtar fim ɗin fiye da yadda za a zata. Uwa da 'ya suna zaune cikin ɗaruruwan laimomi, suna sayar wa mutane kariya, su kuwa ba su da wadda za su fake a ciki. Ba namiji a gidan, ba kuɗi. Ranar da takardar haraji ta zo sai da suka ɗauki sarƙar wuya zuwa kantin mai sayar da kayan ado, a can ne kuma Roland ya fara ganin Geneviève ya sayi sarƙar. Ashe tun ranar an shiga laimarsa. Wannan ciniki shi ne ainihin baikon, abin da ya biyo baya cika al'ada ne kawai.

Wata alamar ita ce hular sarauta ta takarda. A liyafar da aka yi wa Roland an ci wainar da Faransawa ke ci a farkon Janairu, wadda ake ɓoye ɗan wake a cikinta, wanda ya same shi ya zama sarki ko sarauniya na wannan dare. Geneviève ce ta samu, aka ɗora mata hular, alhali tana ɓoye ciki. Haka kuma kafin a nuna ta cikin kayan amare sai da aka fara nuna gumakan tallar tufafi sanye da irin kayan a tagar kanti. Ba a bukatar wani ya faɗa da baki cewa amaryar ta zama kayan talla.

Sunayen yara ma alama ne. Tun suna tare sun zaɓi sunan Françoise in sun haifi mace. Ita ta sa wa 'yarta Françoise, shi ya sa wa ɗansa François, kowa bai san abin da ɗayan ya yi ba.

4.4 Ɗaukar Hoto

Fim ɗin ya buɗe da hoton tashar jiragen ruwa, sai kyamara ta sunkuya ta kalli ƙasa daga sama. Ruwa ya sauko, laimomi masu launi iri-iri suka riƙa giftawa a kan daɓen dutse, ba a ganin fuskar kowa. Tun kafin a ga taurari an riga an nuna wa mai kallo mutane a matsayin ƙwayoyin dara da wani hannu ke turawa.

Launi shi ne abin da aka fi sanin fim ɗin da shi. Bernard Evein, mai tsara wuraren wasa, ya lulluɓe bangaye da ruwan hoda da kore da shuɗi masu ƙarfi, aka kuma ɗinka tufafi su dace da su. A kashi na biyu akwai fitowar da rigar Geneviève mai furanni ta saje da furannin bangon ɗaki, har kamar bangon ya haɗiye ta. Wannan ba ado ba ne kawai, domin a daidai lokacin ne take rasa ikon kanta a gidan uwarta. Haka aka yi wa Madeleine, rigarta ruwan goro ta dace da bangon gidan shayin da Guy ya nemi aurenta, sai dai a wajenta sajewar samun mazauni ce.

Motsin kyamara ya fi yin tasiri a wuri biyu. A daren bankwana masoyan suna tafe a lungu tare da keken Guy, amma ƙafafunsu ba sa motsi, an ɗora su ne a kan abin da ke jan su, suna sulalewa kamar kwalekwale a kan ruwa. Sai kuma tashar jirgin ƙasa, inda kyamara ta bi jirgi ta bar Geneviève tana ƙanƙancewa a kan dandamali har ta juya ta tafi. Babu layin dogo a Birnin Kebbi, rabuwa a tashar mota ake yin ta, amma duk wanda ya taɓa leƙen mai rakiya ta gilashin baya ya san wannan hoto. Abin lura shi ne da Guy kyamara ta tafi, amma labarin da Geneviève ya zauna. Mai kallo ya rabu da ita a hoto, sa'an nan aka hana shi ganin Guy har tsawon kashi guda, don ya ɗanɗani mantuwar da ta same ta.

Game da waƙa, a fina-finan Indiya da na Hausa irin su Sangaya labari kan tsaya a yi waƙa, sa'an nan a koma magana, wato waƙa ita ce wurin da so ke fita daga rayuwar yau da kullum. A nan da murya ɗaya ake rera kalaman so da batun haraji da gyaran inji, kuma ba muryoyin 'yan wasan ba ne, Danielle Licari ce ta rera wa Catherine Deneuve, José Bartel ya rera wa Nino Castelnuovo. Demy ya san abin zai yi wa wasu nauyi, shi ya sa tun a fitowar farko ya sa wani makanike ya rera cewa shi ba ya son wasan da ake yi da waƙa, ya fi son silima.

A fitowar ƙarshe an janye launukan nan. Dare ne, dusar ƙanƙara ta rufe gidan man Esso, Geneviève ta iso cikin baƙar Marsandi, sanye da baƙaƙen kaya, mahaifiyarta ta rasu. Babu laima ko ɗaya. Sun shiga ofis, kyamara ta bar tazara a tsakaninsu, yarinyar kuma tana cikin mota, ta bayan gilashi kawai ake hango ta. Yaron gidan mai ya leƙo yana tambaya wane irin mai za a zuba, mai tsada ko na kowa, ta ce mai tsada. Ta tambayi Guy ko yana son ganin 'yarsa, ya girgiza kai. Kiɗan da aka yi rantsuwar jira da shi a tashar jirgi ya taso da dukkan ƙarfinsa a daidai lokacin da motar ke fita. Madeleine da François suka dawo daga kallon kayan wasa na Kirsimeti, Guy ya sumbaci matarsa, ya shiga wasa da ɗansa cikin ƙanƙara, kyamara ta ja baya ta yi sama, suka shige ciki.