Wata takwas da iPhone a aljihun ɗan kasuwa

Tun bayan Babbar Sallah ake tare mu a ƙofar masallaci da tambaya guda: "Allah gafarta Malam, mun ga an koma Tecno, lafiya dai?" Wasu har da tausayi a fuska, kamar wanda ya yi karayar arziki. Tunda maganar ta yi yawa, kuma muna ganin samarin Zangon nan na Agege suna sayar da wayoyinsu masu lafiya suna neman ciko don su riƙe mai tambarin tuffa, muka ga gara mu rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Ba saya muka yi ba. Ɗan ƙaninmu da ke aiki a Ikeja ne ya kawo mana iPhone 11 ta hannu, irin wadda ake ce wa London yus, ya ce, "Baba, ka wuce riƙe wannan." Muka sa masa albarka muka karɓa.

Kada mu zalunce ta, waya ce mai kyau. A wata takwas ba ta taɓa sanƙare mana ba, kuma ba mu taɓa buɗe ta talla ta faɗo mana a fuska ba. Idan muka ɗauki hoton wake muka tura wa mai saye a Sango Ota, yana ganin launin ƙwayar yadda take, har ya gane ko sabon wake ne. A 2019 ta fito, amma shekara da shekaru kamfanin bai daina aiko mata sabuntawa ba, abin da ƙananan wayoyin Android ba sa samu. Wanda ya ce kuɗinta na banza ne bai riƙe ta ba.

Wahalar tun ranar ƙaura ta fara, kuma nan ne muke so ’yan kasuwa su buɗe kunne. Yau littafin bashin yawancinmu WhatsApp ne. Wane ya ɗauki buhu kaza, ya turo saƙon murya, ya turo hoton rasit, shi ke nan. A Android ajiyar waɗannan hirarraki tana zuwa Google Drive, a iPhone kuwa iCloud take zuwa, kuma ɗaya ba ya karanta na ɗaya. Tun 2022 akwai hanyar kwashe su da manhajar Move to iOS, amma da sharaɗi: iPhone ɗin ta zama sabuwa fil ko an goge ta tas, tsohuwar wayar kuma tana hannu da komai a ciki. Mu gaggawa ta ci mu. Aka sa layi, aka buɗe WhatsApp, muka ga sunayen guruf sun fito muka ɗauka komai ya zo, a daren muka goge tsohuwar muka ba yarinya. Bayan sati uku wata mai shago da muka shekara shida muna ciniki da ita ta ce kuɗin buhu bakwai ta biya cikin sha biyu. Mu biyar muka riƙe a ka. Shaidar tana cikin saƙon muryarta, saƙon kuma babu. Ba mu ce ta yi ƙarya ba, mai yiwuwa mu ne muka manta, amma kuɗin buhu biyu na wake ba abin wasa ba ne, haka muka yafe don kada cinikin ya mutu. Sai daga baya wani yaro ya ce da mun ari wata Android mun mayar da layin a ciki, da wataƙila ajiyar ta dawo. Laifinmu ne. Mu da muke karanta wa mutane ayar bashi ta Baƙara, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta ce a rubuta, mu ne muka bar wa waya.

Sai maganar layi. Wane ɗan kasuwa ne a nan ke da layi ɗaya? Akwai na ciniki, akwai wanda mutanen gida ke kira, wanda shi kaɗai ke kamawa a ƙauye. Abin da ya ɗaga Tecno da Itel da Infinix a ƙasar nan ke nan, kamfani ɗaya ne ma ke yin su, Transsion na ƙasar Sin, ya lura da mu ya yi mana gidan sim biyu. Tamu iPhone gidan sim ɗaya gare ta, na biyun sai eSIM, wato layin da ba shi da kati, sai ka je ofishin kamfanin layi an saka maka. Idan wayar ta faɗi ta mutu ranar kasuwa, ba abin da za ka zare ka sa a ƙaramar waya ka ci gaba da amsa kira. A kula kuma: iPhone 14 da na bayanta da aka yi don kasuwar Amurka ba su da gidan sim ko ɗaya, kuma irinsu suna shigowa cikin na hannu.

Batir kuwa, wanda ya ƙera ta bai san NEPA ba. Tamu ta zo da lafiyar batir kashi 79 cikin ɗari, kafin La'asar ta fara ja. Yawancin wayoyin da muka saba da su batirinsu 5000 ne, ka fita Mile 12 da asuba ka dawo bayan Isha da saura. Kuma in ta mutu a rumfa ba ka isa ka ari cajar maƙwabci ba, bakinta daban ne. Sai a iPhone 15, a 2023, suka koma irin bakin da sauran wayoyi ke amfani da shi, ita kuwa kuɗinta jarin wani ne.

Akwai abin da ya fi ba mu haushi, ko da yake wasu za su ga ƙarami ne. Mu mutane ne masu tura wa juna abu hannu da hannu. Dattijo ya zo ya ce a saka masa tafsirin bana, ka kunna Bluetooth ko ka zare memori ka ba shi. Ita ba ta da gidan memori, ba ta tura wa Tecno fayil ta Bluetooth, AirDrop ɗin da ake yabo da ’yan uwanta take yi. Xender akwai, amma sai an yi ta fama. Sau nawa muka ce wa mutum ya dawo gobe, ko muka ƙona data muka tura abin da da kyauta ne. Rediyo babu. Kiran sallar manhaja ma, tsarinta bai yarda sautin sanarwa ya wuce daƙiƙa talatin ba, sai ka ji ladan ya ɗauko ya tsaya a hanya. A nan unguwa ba damuwa, lasifika ta ishe mu, amma wanda ke cikin mota tsakanin Legas da Jega ya san amfaninsa.

Wani abu kuma ya shafi amana. Tun 2013 iPhone tana da makullin da ke ɗaure ta da asusun mai ita, in bai cire da kansa ba, ko an goge ta ba za ta buɗu ba. Wannan alheri ne ga mai waya. Amma shi ya sa idan aka kawo maka ita da araha ana cewa "iCloud ne kawai, za a buɗe," ka tambayi kanka ina mai ita yake. Sayen abin da ka san alamar sata gare shi bai halatta ba, kuma ko ka rufe ido ka saya, madubi ka saya. Haka masu kawo iPhone 6 da arha: tun 2025 WhatsApp ya daina aiki a kanta.

Ba muna cewa Android tsarkakakkiya ba ce. Ƙananan cikinsu bayan shekara biyu sai nauyi, ga tarkacen manhajojin da ba ka nema ba, ga talla. Kuma ƙofarta a buɗe take, kowa ya turo maka abu a WhatsApp ka danna ya shiga, ta nan masu bashin waya da ’yan damfara suke kwashe lambobin mutane. Wannan ƙofar a iPhone a rufe take, mun yaba. Sai dai idan gilashin Tecno ya fashe, yaron bakin titi zai canza maka kafin ka gama shan shayi, a kuɗin da ba zai hana ka barci ba. Manhajar banki da ta OPay kuwa duk ɗaya suke aiki a ko'ina, alat ba ya saurin shigowa don wayarka ta fi tsada.

Hukuncinmu dai: mai sana'ar da hoto ne jarinta, mai wuta a gida da abin da zai gyara in ta fashe, iPhone za ta yi masa. Mai buhu da sikeli da layi biyu da bashi a hannun mutum arba'in, ya zauna inda yake, in kuɗi ya samu ya sayi Android mai ƙarfi ya ƙara jari da ragowar. Tamu mun ba ’yarmu mai sayar da atamfa da turaren wuta a Instagram, ta ce cinikinta ya ƙaru, mun kuma yarda.

Da za mu koma, kwana biyu muka yi da biro da littafi mai bango muna kwafe kowane bashi, suna da kwanan wata, kafin a taɓa waya. Duk wanda ya ƙudura sai ya canza, ko ta wane ɓangare, kada ya goge tsohuwar ko ya sayar sai ya buɗe hirar manyan abokan cinikinsa a sabuwar ya saurari saƙon murya ɗaya da kunnensa. Wanda abin ya shige wa duhu ya same mu a rumfa bayan Azahar da wayoyin duka biyu, akwai yaran da za su duba masa.