Sharhi a Kan Kalmar "'Yan Gudun Hijira" a Labaran Agaji na Arewacin Kamaru

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ta duba yadda labaran Hausa na rediyo da jaridu suke bayar da rahoton mutanen da rikici ko ambaliya ta raba da gidajensu a arewacin Kamaru. Abin da aka lura da shi shi ne, kalma ɗaya, wato "'yan gudun hijira", ita ake yafa wa rukunoni uku na mutane waɗanda matsayinsu ya bambanta a doka, haka nan kuma wajen rabon agaji.

2.0 Asalin Kalmar

Hijira kalma ce ta Larabci mai daraja a zuciyar Bahaushe. Tana tuna masa da ƙaurar Annabi (SAW) daga Makka zuwa Madina a shekarar 622, da kuma ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Mutumin Garwa ba baƙo ba ne ga wannan tarihi, domin garinsa na cikin ƙasar Adamawa ta Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu. Saboda haka kalmar tana kare mutuncin wanda ya gudu, kuma wannan alheri ne da bai kamata a raina ba. Matsalarta ita ce ba ta faɗin abin da ya kori mutum, ba ta kuma nuna ko ya ƙetare iyaka.

3.0 Rukunoni Uku

Na farko su ne 'yan Nijeriya da rikicin Boko Haram ya koro, waɗanda aka buɗe wa sansanin Minawao kusa da Mokolo a 2013. Su ne Yarjejeniyar Geneva ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 suka tanadar wa kariya.

Na biyu su ne 'yan Kamaru da suka gudu amma ba su bar ƙasarsu ba. A watan Disamba na 2021, faɗa a kan ruwa tsakanin Larabawan Shuwa makiyaya da Musgum masunta da manoma ya kai har birnin Kuseri. Dubban mutane sun tsallaka zuwa Cadi, wasu dubban kuma suka watsu cikin ƙauyukan Kamaru. Rikici ɗaya ne, amma waɗanda suka zauna gida alhakinsu yana wuyan gwamnatinsu ne, kamar yadda Yarjejeniyar Kampala ta 2009 ta tsara.

Na uku su ne waɗanda ruwa ya kora, kamar mazauna bakin Kogin Binuwai a yankin Garwa a 2012, shekarar da aka saki ruwan madatsar Lagdo, da mutanen Yagwa a ambaliyar 2024. Yarjejeniyar 1951 ba ta lissafa ambaliya cikin dalilan ba da mafaka ba.

Ke nan idan mai fassara ya haɗe rukunonin nan a kalma ɗaya, mai sauraro ba zai san ƙofar da ya kamata a ƙwanƙwasa ba, kuma wanda alhaki ke kansa ya sami wurin fakewa.

4.0 Ginin Jimla

Jimlar da aka fi ji ita ce irin "an raba wa 'yan gudun hijira kayan agaji". Kalmar "an" ta ɓoye aikau, su kuma mutanen kullum suna matsayin karɓau. Da wuya a ji su suna noma, ko dashen itatuwa kamar yadda suka yi a Minawao. Haka kuma ba a cika ambaton masu masauki ba, alhali da yawa daga cikin waɗanda suka gudu a gidajen dangi da maƙwabta suka sauka. Tarihin hijira kuwa bai cika ba sai da mutanen Madina da suka tarbi baƙi.

5.0 Kammalawa

Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Ana iya keɓe "'yan gudun hijira" ga waɗanda suka ƙetare iyaka, a ce "'yan gudun hijirar cikin gida" ga rukuni na biyu, sannan "waɗanda ambaliya ta raba da muhallinsu" ga na uku. Ana shawartar ɗalibi ya saurari labaran mako guda, ya rubuta kowace jimla ta agaji, ya tantance wane rukuni ake nufi, wa ya bayar, kuma wa ya sauke su.