Wane ne Mai Manhaja? Sharhi a kan Darasin Wasan Kwaikwayon Jama'a na Zariya

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda malaman wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka shigar da jama'ar gari cikin darussansu, a kuma auna ko shigarwar ta kai a kira ta tsara darasi tare. Ma'aunin da za a yi amfani da shi abu uku ne: wa ya zaɓi jigo, wa ya sa lokaci, wa kuma ya yanke hukunci a kan sakamako.

2.0 Asalin Shirin

A 1975 Michael Etherton ya zo Zariya, bayan ya yi aiki da ƙungiyar wasan Chikwakwa a Zambiya. Shi da abokan aikinsa, irin su Brian Crow da Salihu Bappa, suka fitar da wasa daga zauren jami'a zuwa ƙauyuka. A 1977 aka yi Wasan Manoma a Soba, shekara guda bayan gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirinta na ciyar da ƙasa. Malamai da ɗalibai suka ji koken manoma, suka shirya wasa, suka nuna musu. Aka sake gwadawa a Maska a 1979. A Bomo kuwa, a 1980, manoman da kansu suka shiga fage, ana wasa ana tsayawa ana muhawara a kan yadda labarin zai ci gaba. Har ila yau, an sa irin wannan aiki cikin manhaja, inda ɗalibai kan shiga unguwannin Samaru su tattara matsaloli su mai da su wasa.

3.0 Sharhi

Ta fuskar jigo, babu shakka an ci gaba. A Soba manomi mai ba da labari ne kurum. A Bomo ya zama mai sarrafa shi.

Amma ta fuskar lokaci, jami'a ce ke riƙe da akala. Zangon karatu bai san shuka ko girbi ba. Da zarar jarrabawa ta ƙarato sai ɗalibai su janye, ko an warware matsalar rijiya da ta taki ko ba a warware ba. Baɗi kuma wani ajin ya zo da tambayoyin bara.

Batun sakamako ya fi wannan nauyi. Malami ke ba da maki, ɗalibi ya tafi da digiri, mai bincike ya buga takardarsa, wanda aka yi wasa da damuwarsa kuwa ba a nemi hukuncinsa a takardar maki ba. Wato kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yana da kyau a kwatanta wannan da Kamiriithu ta ƙasar Kenya, inda Ngugi wa Thiong'o na Jami'ar Nairobi ya yi aiki da manoma da ma'aikata a 1977. Cibiyar ta mutanen ƙauyen ce, su suka gina dandalin, suka kuma gyara rubutun wasan a bainar jama'a. Gaskiya ne ba kwas ɗin jami'a ba ne, kuma hukuma ta tsare Ngugi a ƙarshen shekarar, ta rushe dandalin a 1982. Duk da haka ya nuna cewa talaka na iya zama abokin tsarawa in an sakar masa ragama.

4.0 Kammalawa

Aikin Zariya abin yabo ne, amma ya tsaya a kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka duk sashen da zai bi sawunsa ya kamata ya ba wakilan gari kujera tun ranar rubuta manhaja, kada kuma a tsaya ga dagaci da masu unguwa, a nemi muryar matan kulle da ta 'yan ƙwadago. A daidaita jadawali da damina da kaka. A ware wani kaso na maki wanda jama'a ce za ta bayar. In ba a yi haka ba, sunan aikin ziyara, ba tarayya ba.