Jinjina ga masu kunun zaƙin Zandam

Matan Zandam da ke dama kunun zaƙi daga tsabar hatsi sun cancanci jinjina. Aikin yana farawa kwana 2 ko 3 kafin a ɗora tukunya: a jiƙa dawa ko shinkafa, a shimfiɗa a kan buhu, a riƙa yayyafa ruwa har ta tsiro, sannan a shanya. Wannan tsiron ne ke narkar da gasarar gero ya fito da zaƙin da ke cikinta, har sukari kaɗan ya wadatar.

Gwana ba ta dama gasarar duka. Takan ware wani kaso ɗanye ta haɗa da tsiro, ta jira damammen ya sha iska, ta tsoma yatsa ta ji, kafin ta zuba, domin zafi mai yawa kashe ƙarfin tsiro yake. Kayan aikinta ba yawa: tukunya, muciya, mataci da randa. Citta da kanumfari kuwa ido ke auna su.

Wanda ya biyo ta Gwaram ko Birnin Kudu da azumi, ya tsaya Zandam ya nemi wannan kunun tsiro, ya biya ba tare da ciniki ba.