Kiɗan Fiyano da Karin Harshen Hausa

A cikin unguwannin birnin Katsina, kamar Kambarawa da maƙwabtanta, ba wuya a tarar da saurayi ya zauna gaban kwamfuta da ɗan allon fiyano yana tsara kiɗa shi kaɗai, ba malami, ba 'yan amshi. Waɗansu suna kwaikwayon kiɗan fiyano irin na Turawan da, waɗansu kuwa so suke na'ura ta fitar musu da kalangu da algaita. Tambayar da suka fi yi wa juna ita ce: wannan sauti ya yi kama da na gaske? Manufar wannan takarda ita ce a duba ma'aunin da ya kamata a auna wannan kama da shi, gama ma'aunin da ya dace da fiyano bai dace da kalangu ba.

Fiyano dai Bartolomeo Cristofori ne ya ƙago shi a birnin Fulorans na Italiya wajen shekarar 1700. Cikakkensa na yau yana da madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36. In an danna ɗaya, sai wata 'yar guduma ta bugi tsirkiya ta koma. Daga nan mai kiɗa ba shi da ikon ɗaga sautin ko sauke shi, iyakarsa ya bar shi ya daɗe ko ya katse shi. Wannan ne ya sa kwaikwayonsa ya yi sauƙi. Akan ɗauki sautin kowane madanni, a buga shi a hankali, a buga da ƙarfi, a adana duka cikin na'ura, ita kuwa ta riƙa zaɓen wanda ya dace da nauyin yatsa. Saboda haka mai koyo da ya yi haƙuri yana iya fitar da kiɗan fiyano wanda zai ruɗi kunne.

A ƙasar Hausa kalmar fiyano ta ɗauki wata ma'ana. Bayan da aka fara finafinan bidiyo a Kano da Turmin Danya a 1990, ɗakunan ɗaukar sauti, irin su Iyan-Tama, suka shiga amfani da allunan Yamaha na jerin PSR, aka riƙa kiran abin da suke fitarwa kiɗan fiyano. Fim ɗin Sangaya na 1999 ya yi fice musamman domin kiɗansa ya yi wa jama'a kama da na gida. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan wannan sauyi. A shekarar nan ta 1999 kuma Alhaji Mamman Shata, ɗan ƙasar Katsina, wanda kalangu ya raka waƙarsa duk rayuwarsa, ya rasu.

Amma daga ina na'urar ta samo sautin nan na gida? Tsarin da ake kira General MIDI, wanda masu ƙera na'urori suka amince da shi a 1991, ya jera kayan kiɗa 128. A cikinsu akwai sitar da shanai na Indiya, da koto da shamisen na Japan, da kalimba. Babu kalangu, babu goge, babu algaita, babu kakaki. Watau mai tsara kiɗa a Kano ko Katsina sai ya ɗauki shanai ya tsayar da shi a gurbin algaita, ya ɗauki goge na Turawa ya kira shi goge. Dabara ce mai kyau, lalle kuwa ta cancanci yabo, amma aro ne.

Babbar matsalar tana ga harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti: akwai na sama, akwai na ƙasa, akwai mai faɗuwa. Wuya na jiki yana farawa sama ya sauka, wuya ta wahala tana farawa ƙasa ta hau. Kuka na hawaye sama yake duka, kuka ta miya kuwa ƙarshenta ƙasa. Kai na jiki faɗuwa yake yi cikin gaɓa guda. Har wa yau akwai gaɓa mai nauyi da maras nauyi. Makaɗin kalangu yana bin waɗannan duka. Yakan matse tsirkiyoyin kalangu a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, yana kuma iya sassautawa bayan ya riga ya buga, sai sautin ya zame kamar yadda murya take zamewa. Ta haka ne ake jin take a gane mai shi ba tare da an buɗe baki ba. Mabushin algaita kuma yana tara iska a kumatu, yana shaƙa ta hanci, busa ba ta yankewa. Sautin da aka adana a na'ura bugu ɗaya ne da aka kama aka daskarar. Ko an maimaita shi sau ɗari, ba zai faɗi wuya a bambanta ta jiki da ta wahala ba, sai in mai tsarawa ya san bambancin ya gina shi da hannunsa.

A nan ne yawancin kiɗan masu koyo yake kasawa. Sukan fara ɗora amo da na'ura ta zo da shi, mai tafiya daidai kamar agogo, sa'an nan su matsa kalmomi su shiga ciki, gaɓa mai nauyi ta gajarce, karin sama ya faɗo ƙasa. Kunnen Bahaushe yakan ji wani abu ya karkace ko da bai iya faɗin mene ne ba. Alhali kuwa allunan da yawa suna da wani ɗan faifai a gefen hagu wanda ake murzawa sauti ya lanƙwasa, manhajoji irin su FL Studio kuma suna barin mutum ya zana hawa da saukar kowane bugu. Kayan aiki suna nan, sanin kari ne ya yi ƙaranci.

Ga mai son rubuta wa fiyano kansa kiɗa akwai misali daga kudancin Nijeriya. Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, ya yi kira da a riƙa sarrafa fiyano kamar taron ganguna, Joshua Uzoigwe kuma ya rubuta Talking Drums a kan wannan tafarki. Ba su ɓoye cewa fiyano ne ba, tsarin bugun da karin maganar ne suka ɗauko daga gida. Wanda ya zauna ya saurari tambura da kotso a ƙofar fadar Katsina yana da abin ginawa da ya fi kwaikwayon Mozart daga nesa.

Abin da ya rage ya rataya a wuyan malamai. Ya kamata darasin karin sauti da nauyin gaɓa a kwalejojin horon malamai ya haɗa da sauraron kalangu, ɗalibi ya rubuta karin take kamar yadda yake rubuta na jimla. Ya kamata kuma sassan Hausa na jami'o'i su ɗauki sautin kayan kiɗan gargajiya daga hannun masu su, da yardarsu da kuma ladansu, a adana hawa da sauka da zamiya duka. In ba a yi haka ba, yara masu tasowa za su ɗauka shanai ita ce algaita, makaɗan da suka san bambancin kuwa kullum raguwa suke yi.