Gwanayen Sanin Kwaɗo da Maciji

Idan ruwan farko ya sauka a fadamun da ke kewaye da Lafiya, dare kan cika da kukan kwaɗi. A kunnen yawancinmu hayaniya ce kawai. Amma akwai masanan da za su tsaya bakin kududdufi da tocila, su kasa kunne, su faɗa maka iri nawa ne ke kuka, domin namijin kowane iri da muryar da yake kiran mace da ita. Wannan gwaninta ta cancanci jinjina.

Aikin na masu haƙuri ne. Mai binciken zai naɗi kukan, ya ɗauki hoto, ya auna tsawon dabbar, ya rubuta rana da ainihin wurin da ya same ta. In maciji ne, sai ya ƙirga ɓawon cikinsa da na gadon bayansa, ya duba tsarin na kansa, don launi kan yaudari ido. Akwai macijin da ƙwai kaɗai yake haɗiya, ba shi da dafi, amma zanen jikinsa da yadda yake goga ɓawonsa yana ƙara sak na kububuwa ne. Gwani ne kawai ke raba su, ya hana a kashe marar laifi.

Rubutu ɗaya na iya ceton halitta. A 1963 Arne Schiøtz, masani ɗan ƙasar Denmark, ya bayyana wani kwaɗo da ba a san shi ko'ina ba sai a duwatsun Idanre na Jihar Ondo. Aka shafe shekaru da dama ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, sai a 2013 Abiodun Onadeko na Jami'ar Legas da abokan aikinsa suka bi sawun bayanin farko, suka same shi da rai. Da ba a rubuta ba, wa zai fita nema?

Jihar Nasarawa, inda Lafiya take, tana tsakanin tsaunukan Jos da kwarin Binuwai, ga dutse, ga kurmi, ga fadama. Nan damo da guza da hawainiya da kunkuru da mesa suke zaune, yayin da ƙunar daji, yin gawayi, haƙar ma'adinai da feshin magani ke cinye musu muhalli. Kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa, shi ya sa shi ne ke fara ɓacewa idan ruwa ya gurɓata. Sanin inda kububuwa ta fi yawa kuma shi ke nuna asibitin da ya kamata a ajiye wa maganin dafinta, tun kafin a sari manomin doya.

Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, tana da ɗaliban da za su iya ɗaukar wannan aiki. Su fara da mafarauta da masunta da manoma, waɗanda suka san sunan kowace dabba da lokacin fitowarta, su haɗa saninsu da awo da rubutu. Hukuma ba za ta keɓe daji saboda dabbar da ba ta san tana ciki ba.