GYARA KAYANKA: Fulorin daban, fulorayid daban



Kwanan baya na ba ɗalibaina a Gwandu aikin fassara rubutun da ke jikin kwalin man goge baki. Kusan duk ajin suka rubuta: "Yana ɗauke da fulorin." Sai kuma na je ɗaurin aure Kalgo, na ji wani dattijo yana cewa ya hana iyalinsa man goge baki, wai akwai iskar guba a ciki. Kun ga inda kuskuren kalma ɗaya ke kai mutum.

Abin da ke cikin man, fulorayid ne.

Fulorin sinadari ne na asali, lamba 9 a jadawalin sinadarai, alamarsa F. Iska ce rawaya-rawaya mai guba, tana ƙona fata da huhu. Sai a 1886 wani Bafaranshe, Henri Moissan, ya iya ware ta ita kaɗai.

Fulorayid kuwa sunan ƙwayar zarrar fulorin ne bayan ta karɓi ilektiron guda, ta zama F⁻. Daga nan zafin nan ya kwanta. Shi ake sa wa man goge baki don ya kare haƙora daga ruɓewa. Haka kulorin yake, iskar guba ce da aka yi yaƙi da ita a Turai a 1915, amma gishirin miyarku sodiyam kulorayid ne.

To ina matsalar? Ɗafa-ƙeya. Idan muka ari kalma, mukan gutsure ƙarshenta don ta zauna a baki. A nan kuwa ma'anar duk tana ƙarshen: -in sinadarin ne tsurarsa, -ayid kuma wanda ya karɓi ilektiron. Ai mu ma ba ma haɗa maƙeri da maƙera, wasali ɗaya ya raba mutum da wurin aikinsa. Malam Abdullahin Gwandu da kansa ya wallafa littattafai kan nahawu da sarfu, bai kamata jikokinsa su raina ƙarshen kalma ba.

Amma fa kada ku ce fulorayid ba ya da illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace litar ruwan sha, idan ya wuce yana iya sa dabbare-dabbare a haƙoran yara. Ku koya wa ƙannenku tofarwa, ban da haɗiyewa.

Ku rubuta fulorayid cikakke, a fassara da a jarrabawa. Allah Ya ƙara mana sani.